220 SE Ko 280 SE 3.5: Wace Tsohuwar Marsandi Ta Cancanci Gurbi A Garejinka?

Idan aka jera su biyu a gareji ɗaya, ka tsaya daga gefe, da wuya ka ce ga yaya ga ƙanwa. Tsawo kusan ɗaya, ƙofa bibbiyu, rufi mai gangarowa baya a hankali. In aka sauke gilasan gefe duka huɗu, sai ka ga motar ta buɗe fayau daga gaba har baya, domin babu ginshiƙin nan na tsakiya da muka saba gani. Amma shekara takwas ce tsakanin fitowarsu, kuma a kasuwar masu tara tsofaffin motoci kuɗin ƙanwar yakan ninka na yayar, wani lokaci har ya ɗara. Marsandi mai ƙofa biyu ta gidan W111 (lambar da kamfanin ya ba wannan jerin motoci) nake nufi: 220 SE Coupé da ta fito a 1961, da 280 SE 3.5 Coupé, autar gidan, wadda aka ƙera daga 1969 zuwa 1971.

Duk wanda ya zo mini da tambaya a kansu, na lura ya riga ya yanke hukunci tun daga gida. Mai silinda takwas yake so, wato 3.5, abin da ya rage kawai a taya shi cewa ya yi daidai. Ni kuwa ban yarda maganar ta kai wannan sauƙi ba. Akwai mutumin da 3.5 ce kaɗai za ta gamsar da shi, kuma zan faɗi ko wane ne. Amma da yawa daga masu bin ta, 220 SE ce motarsu, ba su dai tsaya sun dube ta da kyau ba ne.

Asalinsu ɗaya. A 1959 kamfanin Daimler-Benz, mai ƙera Marsandi, ya fitar da babbar motarsa mai ƙofa huɗu, wadda Jamusawa suka laƙaba wa Heckflosse saboda 'yan fikafikan da ke bayanta, irin yayin da ake yi a Amurka a lokacin. An ƙera ta bisa tunanin injiniya Béla Barényi: ɗakin fasinja ya zama ƙaƙƙarfan akwati, gaba da baya kuwa a bar su su lotse su shanye bugu idan an yi karo. A kan wannan shimfiɗa aka ɗora mai ƙofa biyu, ba tare da an rage tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya ba, mita 2.75, shi ya sa manya huɗu suke zama a cikinta ba wanda gwiwarsa ta tokari kujera. Wanda ya zana ta Bafaranshe ne, Paul Bracq, kuma abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne abin da ya cire. Ya aske fikafikan nan har suka koma ɗan tudu kawai. Mai ƙofa huɗun da kallo ɗaya za ka gane shekarunta, ita kuwa wannan har yau ba ta tsufa a ido ba.

A watan Fabrairun 1961 aka nuna ta ga jama'a, lokacin buɗe gidan tarihin kamfanin a Untertürkheim da ke Stuttgart, ana bikin cika shekara 75 da ƙirƙiro mota. Kuɗinta mak 23,500 a kuɗin Jamus na lokacin, abin da zai saya maka Beetle kusan biyar a Jamus ta Yamma ta wancan zamani. Tsadar ba ta banza ba ce. Bodinta nata ne ita kaɗai, ba a ɗauko ƙofa ko bonet ko murfin but daga mai ƙofa huɗu ba, kuma yawancin aikin haɗa ta a masana'antar Sindelfingen da hannu aka yi shi. Ka riƙe wannan magana, domin ita ce za ta dawo ta taɓa aljihunka bayan shekara sittin.

Mu ɗaga bonet, tunda a nan rigimar take.

Injin 220 SE sunansa M127: silinda shida a jere, lita 2.2, ƙarfin doki 120. Ba shi da kafireta. Famfon Bosch ne mai aiki da ƙarfe zalla yake tura fetur, da fistin biyu a cikinsa, kowane yana raba wa silinda uku. Babu waya, babu ƙwaƙwalwa, sai sanduna da sifirin da 'yan ƙarafa masu juyawa, kamar cikin agogon bango. Gudunta na ƙarshe wajen kilomita 170 a awa. A takarda wannan ba abin tinƙaho ba ne yau, kuma ba zan ɓoye maka ba, motar tana da nauyi, injin kuwa ƙarami ne. Sai ka taka totur, ka bar shi ya yi kuka, sannan yake ba ka abin da ke cikinsa. Da giyar hannu, wadda sandarta ke ƙasa tsakanin kujeru, tuƙinta yana da daɗi irin na wanda ake damawa da shi: kai kake zaɓar lokacin canji, kana jin injin yana amsawa. Da giyar otomatik kuwa, gaskiya motar takan yi sanyin jiki, musamman a hawan tudu da mutum huɗu a ciki. Sannan giyarta gajera ce, don haka in ka hau babban titi ka wuce 120, injin zai riƙa sanar da kai cewa yana aiki.

Famfon nan in yana samun aiki, yakan yi shekaru aru-aru ba a taɓa shi ba. Abin da ke kashe shi zaman banza ne. A ajiye mota shekara biyar da tsohon fetur a ciki, sai ya daskare ya zama kamar ƙaro, sandar da ke daidaita mai ta maƙale. Kuma ba famfon da za a miƙa wa kowane bakanike ba ne. Akwai wani ɗan sukurun daidaita mai a bayansa wanda ba a murɗa shi sai injin yana kashe. Wanda bai sani ba, ya kai masa hannu injin na aiki, ya yi maka ɓarnar da sai an kwance famfon an aika wa ƙwararru, su kuwa a duniyar ma ƙidayayyu ne.

Injin 3.5 wata duniya ce daban. M116 ne, silinda takwas a tsarin V, lita 3.5, ƙarfin doki 200. A bajekolin motoci na Frankfurt a Satumbar 1969 aka fara nuna shi. Mai giyar hannu tana kaiwa 210 a awa, mai otomatik 205, kuma daga tsaye zuwa 100 ba ta cika daƙiƙa goma ba. Amma ba lissafin ne abin lura ba. Abin lura shi ne yadda take tafiya ba tare da ka roƙe ta ba. Ka ɗan ɗora ƙafa, ta miƙe. Wuce babbar mota a titi mai hannu biyu, wanda a 220 SE sai ka yi shiri ka rage giya ka duba nesa, a nan kafin ka gama tunani an wuce wurin. Ba irin manyan injinan Amurka ba ne masu gurnani daga ƙasa, shi ma yana son a kai shi sama, sai dai ko a ƙasan yana da abin bayarwa. In ana maganar mota mai shekara hamsin da ɗoriya da za ta shiga cikin motocin yau ba tare da ta zama kaya ba, to ita ce.

Sai dai abin da ke ba shi mai ya bambanta. D-Jetronic ne na Bosch, tsarin lantarki na farko-farko, wanda ya fara fitowa a Volkswagen 1600 a 1967. Akwai 'yar ƙwaƙwalwa, akwai na'urar auna zuƙar iska, akwai wasu kontak a gindin distiribita da ke gaya wa nozul lokacin fesa mai, sannan wayoyi birjik a kwance a kan inji mai zafi. Ƙwaƙwalwar kanta ba ta cika lalacewa ba. Abin da ke ba da wahala shi ne na kewaye da ita: waya ta bushe ta tsage, kontak ya cinye, na'urar auna iskar ta yi rauni, sai mota ta riƙa shan mai fiye da kima, ko ta riƙa shaƙewa, kuma wanda bai san tsarin ba zai yi ta canza kaya masu tsada bai kai ga ciwon ba. Abu biyu ne ba na yarda a yi musu jinkiri a wannan inji. Na farko, 'yan gajerun tiyo na roba da ke kan nozul. In suka tsufa suna tsiyayar da fetur a kan inji mai zafi, kuma haka gobara take tashi. Na biyu, sarƙar taimin da robobin da take bi ta kansu. In roba ta karye sarƙa ta yi tsalle, fistin da bawul suka haɗu, to ka shirya sabon lissafi. Shan mai kuwa ba sai an faɗa ba, lita 15 a kilomita 100 a cikin gari ba abin mamaki ba ne a gare ta, har ma fiye.

Wanne ya fi sauƙin riƙewa? A ganina M127, musamman ga wanda yake nesa da Turai ko Amurka. Duk bakaniken da ya taɓa kwance tsohuwar Marsandi mai silinda shida zai gane kan injin, in dai ya yarda ya bar famfon ya huta. D-Jetronic kuwa yana neman mai wayarin da ke karanta zane, mai haƙurin bin waya ɗaya bayan ɗaya da mita a hannu. Kafin ka nemi motar, ka fara neman mutumin.

Yanzu mu rufe bonet mu ja da baya, mu dubi fuska. A nan ne masu sha'awa suka rabu gida biyu, har Jamusawa suka ba kowane ɓangare suna. Ta farko Hochkühler ce, mai doguwar ragar gaba, a tsaye ƙyam kamar ƙofar zaure. Ta ƙarshe Flachkühler, an rage wa ragar tsawo da santimita 7, aka ƙara mata faɗi da santimita 10, bonet ya ɗan kwanta, aka kuma saka wa bamba layin roba. Kasuwa ta fi son ta ƙarshen, ana cewa ta fi zama ta zamani. Ni idona ya fi kwanciya da ta farkon. Da doguwar raga Bracq ya zana motar, kuma da ita fitilun nan masu tsaye suke daidaita. Wannan dai ra'ayi ne, ba zan tilasta wa kowa ba. Abin da ba ra'ayi ba shi ne: gajeruwar raga ba hujja ba ce cewa V8 ne a ciki, domin daga ƙarshen 1969 har mai silinda shida ta 280 SE an ba ta wannan fuska.

A cikin motar ne 220 SE take rama abin da ta rasa a inji. Ka buɗe ƙofa ka zauna. Katako ne ya zagaye ka, a kan dashbod, a gindin gilashin gaba, har gidan da agogunan gudu suke ciki an lulluɓe shi da katako, an lanƙwasa shi ya bi zagayen agogunan. Ka shafa shi da yatsa ka ji yadda ya juya kwana ba tare da tsaga ba, za ka san wani ya zauna a kansa da hannu da haƙuri. Agogunan biyu ne zagayayyu, na gudu da na juyin inji, a tsakaninsu ga ma'aunin zafi da mai da ƙarfin baƙin mai a jere. Fatar kujerun mai kauri ce, in ta asali ce za ka ga ta yi laushi da 'yan layuka kamar tafin hannun dattijo. A 3.5 an sauya. Dokokin kare lafiyar fasinja, musamman na Amurka, sun sa an rage katako, gidan agogunan ya koma na fata, maɓallai suka zama masu taushi. Har yanzu ciki ne na alfarma, kuma yawanci a nan za ka sami gilashi mai lantarki da na'urar sanyaya ɗaki, abin da ba kasafai ake samu a 220 SE ba. Ga wanda zai tuƙa ta a ƙasa mai zafi, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amma in aikin hannu kake nema, irin wanda ba za a sake yi ba, yayar ta fi.

Ƙafafunsu kusan iri ɗaya ne, sai 'yan gyare-gyare. 220 SE tana kan taya mai inci 13, birki mai faifai a gaba, mai ganga a baya. Ita ce ma Marsandi ta farko ta kasuwa da ta zo da birki mai faifai a gaba. Daga 1963 aka raba layin birkin gida biyu, yadda in ɗaya ya fashe ɗayan zai riƙe. 3.5 kuwa inci 14 ne, faifai a duka huɗu, sitiyari mai fawa, kuma birkinta ya fi ba da natsuwa nesa ba kusa ba. A baya dukansu gatari ne mai lanƙwasa a tsakiya, wanda ke ba da laushin tafiya amma ba ya son a saki totur ko a taka birki a tsakiyar kwana. A ƙanwar an saka wani ɗan tulu mai aiki da mai da iska a kan gatarin don daidaita tsayin baya in an yi lodi. In ya mutu sai ka ga bayan motar ya zauna, tayoyi sun baje. Yayar sifirin ne na ƙarfe kawai, ba abin da zai mutu. Dukansu suna da wuraren giris da yawa a ƙasa, kuma suna son a bi su a kai a kai.

To, ga inda nake so ka ba ni hankalinka sosai, domin duk abin da na faɗa a sama bai kai wannan nauyi ba.

Na taɓa raka wani abokina duba wata 3.5 a wani ƙauye a kudancin Jamus. Shuɗiya ce mai duhu, fenti yana ɗaukar ido, kuɗin kuma ya yi ƙasa da abin da aka saba ji. Mai ita ya tayar da inji, sautin nan ya cika garejin, na ga abokina ya riga ya tafi. Na ce masa, "Malam, rufe bonet ɗin nan, mu fara daga ƙasa." Na ciro ɗan maganaɗisu na naɗe shi a hankici don kada ya karce fenti, na fara bin dokin ƙofa da shi. A gaba ya kama. Ina zuwa wajen tayar baya sai ya sulale ya faɗi ƙasa. Na sake ɗorawa, ya sake faɗuwa. Babu ƙarfe a wurin, cikon fanabita ne aka shafe da fenti. Muka ɗaga kafet ɗin ƙafar direba, ga danshi, ga facin walda a kan faci. Da muka ɗaga motar da jak a gefe ɗaya, ƙofar da ɗazu ta rufu da taɓawa ɗaya sai da aka banka ta. Muka yi wa mai ita godiya muka kama hanya, abokina bai ce uffan ba sai da muka yi nisa.

Dalilin da ya sa wannan ya fi tsanani a motar nan shi ne rashin ginshiƙin tsakiya. Abin da ya ba ta kyau shi ne ya ɗora wa dokin ƙofa da daɓen ƙasa nauyin riƙe ta. In suka ruɓe, mota ta saki. Tsatsa tana kuma ɓuya a bayan fitilun gaba, a bakin tayoyi, a ramin safayar taya cikin but, a ƙarafan da ke saman gatarin baya, da gindin gilashin gaba. Mai rufin buɗewa kuwa a duba magudanan ruwanta, in sun toshe ruwa cikin bodi yake sauka. A wannan fanni babu yaya babu ƙanwa, tsatsa ba ta tambayar silinda nawa ne.

Ga kuma lissafin da mutane ba sa yi. Kuɗin gyaran bodi, da sabunta katako, da ɗinkin fata, da sake wanke ƙarafan ado masu ƙyalli, ɗaya ne a motocin biyu. Kayan inji da na ƙafa ana samu, domin sun yi tarayya da sauran Marsandi na zamaninsu da aka ƙera da yawa. Amma ƙarafan ado na gefen gilashi, da bamba, da katakon ciki, na mai ƙofa biyu ne kawai, wasu sai an yi wata da watanni ana cigiya. Ma'ana, in ka sayi ruɓaɓɓiyar 220 SE don ta yi araha, za ka kashe mata abin da za ka kashe wa 3.5, ka gama ka tarar kasuwa ba za ta mayar maka da rabinsa ba. Araha ba ta ado. Amma ka juya lissafin. 220 SE da wani ya riga ya gyara tsaf, ko wadda ba ta taɓa lalacewa ba, kana sayen ta ne ƙasa da abin da aka zuba mata. Da kuɗin da zai ba ka 3.5 mai tari da ɓoyayyen ciwo, za ka sami 220 SE da ba ta da abin faɗa. Wannan ne ya sa nake cewa mutane ba su dube ta da kyau ba.

Me ya sa ƙanwar ta yi tsada haka? Ƙaranci da inji. An ƙera 220 SE Coupé guda 14,173 daga 1961 zuwa 1965. 3.5 Coupé kuwa 3,270 ne kacal, cikin ƙasa da shekara biyu. Sannan akwai 'yar'uwarta marar rufi, wadda guda 1,232 aka yi, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo har ya ja na mai rufin sama. Wannan ya jawo wata ɓarna da ke ci mini rai: ana sayen mai rufi a yanke mata kai a mayar da ita marar rufi don a sayar da tsada. Kowace aka yanka, an rage ɗaya daga abin da ba za a ƙara ƙerawa ba.

Inda kuɗi ya yi yawa, dole a duba takarda. Lambar shasin 220 SE Coupé tana farawa da 111.021, ta 3.5 Coupé da 111.026. In ka ga 111.024, to 280 SE ce mai silinda shida, ko da kuwa V8 ne a zaune a cikinta yanzu. A kula kuma, 250 SE da ta gaji 220 SE a 1965 ita ma 111.021 take ɗauke da shi, don haka sai an haɗa da lambar inji, wadda za ta fara da 127 a 220 SE, da 116 a 3.5. Lambobi biyun da ke biye a lambar shasin suna faɗin sauran labari: 10 sitiyarin hagu da giyar hannu, 12 hagu da otomatik, 20 da 22 kuwa na dama ne. Wannan na da amfani ga wanda ya ci karo da irinta a Najeriya, domin sai a 1972 ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama, motocin da suka shigo kafin nan yawanci masu sitiyarin dama ne, wasu kuma an juya musu shi daga baya. Sashen tsofaffin motoci na kamfanin Mercedes-Benz yana ajiye da katin haihuwar kowace mota, mai nuna launinta na asali, da fatar ciki, da lambar inji, da ƙarin kayan da aka saka mata. Mai sayarwa na gaskiya ba zai ƙi nuna maka shi ba.

Kada in wuce ban ambaci ta tsakiya ba. 280 SE mai silinda shida, ƙarfin doki 160, guda 3,797 aka yi, kuma ga wanda ya kasa zaɓa ita ce sulhu: ta fi 220 SE kuzari, tana da birkin faifai huɗu, ba ta da wayoyin D-Jetronic. 300 SE mai tafiya a kan balon iska maimakon sifirin ƙarfe kuwa wani babi ne na daban, na masu zurfin aljihu da zurfin haƙuri.

Wa ya kamata ya sayi 3.5? Wanda zai yi tafiya da ita da gaske, kilomita ɗari biyar a yini, da iyali da kaya a but, yana son sanyi a ciki da ƙarfi a ƙafa. Wanda yake da ƙwararren mai wayarin a kusa. Wanda kuɗinsa ya kai ya sayi mai kyau tun farko, ya kuma rage wani abu a gefe don shekarar farko, domin sai ta nemi wani abu. Haka nan wanda yake kallon motar a matsayin ajiyar dukiya, ita ce ta fi saurin samun mai saye in an tashi rabuwa da ita. In duk waɗannan sun haɗu a kanka, kada maganata ta hana ka, ka saye ta, ba za ka yi da-na-sani ba. In ɗaya ya ɓace, musamman na kuɗin, ka dakata. 3.5 mafi araha a kasuwa ita ce mota mafi tsada da za ka taɓa saya a gidan nan.

Ni dai da za a ce in ɗauki makulli ɗaya, 220 SE zan ɗauka, ƙirar 1964 ko 1965 saboda birkin nan mai layi biyu, da giyar hannu, da fitilun Turai masu gilashi ɗaya dogo, da katakonta na asali ko da ya ɗan dusashe. Zan roƙi mai ita kada ya tayar da injin kafin in iso, in ɗora tafin hannu a kan bonet in tabbatar da sanyinsa, sannan in murɗa makulli da kaina ina kallon allurar baƙin mai ta haura sama. In ta yi zafi a hanya allurar ba ta zube ƙasa ba, maganaɗisu kuma ya kama dokin ƙofa daga gaba har baya, sai in sauke gilasan nan huɗu, mu zauna da shi mu yi ciniki.